Takardar horo da ƙofar alƙali a ƙasar Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas, kamar ko'ina cikin Nijar, horon ma'aikacin gwamnati a takarda yake zuwa. Takan fito daga Yamai, ta yada zango a Damagaram, ta biyo hanyar Bande har ta iso ofishin sufeton makarantu ko na babban likita, a kira mai ita ya sa hannu cewa ya karɓa. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan takarda ya san fasalinta. Daga sama jerin dokoki ne, kowane layi yana farawa da ƴar kalmar nan ta Faransanci, vu, wato «bisa la'akari da». Sai can ƙasa a tarar da layi biyu ko uku waɗanda su ne ainihin maganar: an dakatar da wane, an rage masa daraja, ko an kore shi daga aiki. Mafi yawan waɗanda takardar ta faɗa wa sukan tsallake jerin na sama, su karanta na ƙasa, su ce haka Allah ya so, sannan su shiga neman wani babba da zai sa baki. Kaɗan ne suka san cewa makaminsu yana cikin layukan nan da suka tsallake, domin doka ta ba su damar ɗaukar takardar su kai gaban alƙali, shi kuma yana da ikon kashe ta, ta zama kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Wannan dama tana da tarihinta, kuma ba rana ɗaya ta iso ƙasar nan tare da horon ba. Horon ya riga ta da nisa.

Kafin zuwan Nasara, rawanin mai muƙami yana hannun wanda ya naɗa shi. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca da Mirya, da garuruwan da a da suke bin Daura, cikinsu har da Magarya, duk Zinder suke kai gaisuwa. Wanda sarki ya tuɓe, hanya uku ce a gabansa: ya aika malami ko bafade ya roƙa masa gafara, ya tsallaka Kano ko Gumel ya jira sauyin zamani, ko ya tara mutane ya yi tawaye. Kai ƙara ba ya cikinsu. Ba wai malamai ba su san zancen ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya keɓe babi guda a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta ga zaman mazalim, inda ake jin kukan waɗanda masu iko suka cuta, har ma ya lissafa a ciki kukan masu albashi da aka rage wa haƙƙinsu ko aka jinkirta musu. Sai dai mai zaman mazalim sarki ne da kansa ko wakilinsa. Idan shi ne ya yi tuɓewar, to wurin wanda ya mare ka za ka koma kai kuka.

Abin da ya canza wannan lissafi ya faro ne daga wani abin kunya a Faransa. A watan Oktoba na 1904 asiri ya tonu cewa ofishin ministan yaƙi, Janar Louis André, yana tara bayanan sirri a kan hafsoshin soja: wane ne mai zuwa coci, wane ne ya sa ƴaƴansa makarantar fada-fada, wane ne jaridar da yake karantawa ba ta yi wa gwamnati daɗi. Da waɗannan ƴan katuttuka ake ɗaga wani a danne wani, ba tare da mai sunan ya san abin da aka rubuta a kansa ba. Ministan ya sauka, gwamnatin Émile Combes ta bi shi a Janairun 1905. Domin kada a sake, majalisa ta cusa wani sashe, na 65, cikin dokar kasafin kuɗi ta 22 ga Afrilun 1905, wanda ya ce kowane ma'aikacin gwamnati, farar hula ko soja, yana da haƙƙin a nuna masa dosiyensa gaba ɗaya kafin a hore shi ko a ɗauke shi daga wurin aikinsa da ƙarfi. Gajeren sashe ne, kuma a cikin dokar kuɗi aka ɓoye shi, amma daga gare shi ne duk kariyar ma'aikaci a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa ta tsiro.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1906, aka nuna wa mutanen Damagaram iyakar wannan doka. Lokacin hankalin Turawa a tashe yake, saboda boren Satiru a ƙasar Sakkwato da na Kobkitanda a ƙasar Zabarmawa. Sai aka kai wa hafsoshin Faransa na Zinder labarin cewa ana ƙulla makircin kashe su. Aka kama Sarki Amadu ɗan Basa, wanda su da kansu suka naɗa a 1899, aka kama attajirin nan Malam Yaro, aka kama har da tafintan bariki, Ali Diallo, wanda ma'aikacin gwamnatin ne mai cin albashinta. Aka tuɓe sarki, aka kai shi gudun dole ƙasar Kodibuwa, aka danƙa gari a hannun Ballama, bawan fada, sarautar ba ta koma gidanta ba sai a 1923, da naɗin Barma Mustafa. Masana tarihi da dama suna shakkar ko makircin ya taɓa wanzuwa, suna ganin gaba ce ta cikin fada ta haɗu da tsoron baƙi. Ko ma mene ne gaskiyarsa, ba kotu ce mai zaman kanta ta auna zargin ba. Waɗanda aka ce za a kashe su ne suka bincika, su ne suka yanke. Amadu ɗan Basa ya dawo bayan shekaru masu yawa, amma ba kan karaga ba. A Yekuwa, cikin ƙasar Magarya, ya ƙare rayuwarsa.

Dalilin wannan bambanci yana cikin kalmomi biyu da mulkin mallaka ya raba mutane da su: ɗan ƙasa da talakan Faransa. Na biyun yana ƙarƙashin dokar andizana, wadda a farkonta ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 da tarar faran 100 ba tare da alƙali ba, gwamna kuma yana iya tsare shi shekaru a wata ƙasa. Ma'aikatan da ke bariki a wurare irin su Magarya, wato gardi da tafinta da akawu da anfarmiye da malamin lakkol, galibinsu a rukunin ƙasa suke, wanda ake kira na gida, kuma gwamna ne yake tsara dokar aikinsu da sa hannunsa, shi ne yake canza ta. A rubuce akwai majalisar sauraron ƙarar hukuma, wadda mafi yawan masu zama cikinta jami'an hukumar ne. Akwai kuma Konsai Deta a Paris, babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutum da gwamnati. Amma mai karatu ya auna: gardin da kwamandan Magarya ya kora a shekarun 1930, wanda bai iya rubuta sunansa da boko ba, ta ina zai bi ya kai takarda Paris?

Daga wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu abubuwa suka zo a jere. A 1944 aka halatta sandika a yankunan Afirka. A 1946 aka soke andizana da aikin dole, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta mai da kowa ɗan ƙasa, sannan ranar 19 ga Oktoba Faransa ta yi babbar dokar ma'aikatanta, wadda ta jera matakan horo ta kuma kafa majalisar ladabtarwa mai wakilan ma'aikata. A 1950 wata dokar mai sunan Lamine Guèye ta ce ba za a bambanta ma'aikata a albashi da alawus saboda asalinsu ba. A daidai wannan lokaci Konsai Deta tana gina nata katangar, kuma abin sha'awa shi ne ƙananan mutane ne suka ɗauko tubalin. A 1944 wata gwauruwa mai sayar da jarida a Paris, Madam Trompier-Gravier, wadda aka ƙwace wa izinin rumfarta bisa zargin da ba a ba ta damar amsawa ba, ta yi nasara, aka kafa ƙa'idar cewa ba a horon mutum sai an ji ta bakinsa. A 1950, a shari'ar Madam Lamotte, kotun ta ce ƙofar neman soke matakin hukuma a buɗe take ko da babu dokar da ta ambace ta. A 1954, a shari'ar Barel, ta soke hana wasu matasa shiga gasar makarantar manyan ma'aikata saboda ana zarginsu da kwaminisanci.

Hukuma kuwa ba ta rasa dabara ba. Waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a 1946 galibinsu malaman makaranta ne da akawuna, kuma a zamanin Gwamna Jean Toby, wanda bai ɓoye ƙiyayyarsa ga RDA ba, an gane cewa ba sai an kori mutum ake karya shi ba. A ɗauke shi daga garin da yake da jama'a a jefa shi Bilma ko Ngigmi, a rubuta a takardar cewa buƙatar aiki ce ta kawo haka. Dokar 1905 ta ambaci canjin wuri na tilas, gaskiya ne, amma da zarar an sa masa rigar buƙatar aiki, nauyin ya koma kan ma'aikaci ya tabbatar wa alƙali cewa horo ne aka ɓoye. Wannan shi ne mafi wuyar abin da ake tabbatarwa a kotu, domin niyya ba ta barin sawu a dosiye. Dabarar ta fi Turawan da suka kawo ta daɗewa. Duk gwamnatin da ta zo bayansu ta tarar da ita a aljihun tebur, kuma har yau idan aka ji an tura shugaban sandika wani ƙauye da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, ba a buƙatar mai fassara.

Ƴancin kai bai zo da sassauci ba. Gwamnatin Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta hau a 1957, ta tuɓe wasu sarakunan kanto da take ganin abokan gaba ne. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, da faɗuwar Sawaba, sai reshe ya juya da mujiya: ma'aikatan da aka sani da jam'iyyar suka sha canjin wuri da dakatarwa da kora, kuma yankin Damagaram, inda take da ƙarfi, ya ɗanɗana sosai. An haramta Sawaba a Oktoban 1959. A Disamban wannan shekarar ce Nijar ta yi dokar ma'aikatanta ta farko, wadda aka kwafo kusan layi-layi daga ta Faransa, da majalisar ladabtarwa da haƙƙin ganin dosiye da komai. A 1961 aka kafa Kotun Ƙoli, aka ba ta ɗaki na musamman mai shari'ar hukuma. Ƙofar ta samu ke nan, a Yamai maimakon Paris. Amma a ƙasar da jam'iyya ɗaya ce, musamman bayan hare-haren Sawaba na 1964 da kame-kamen da suka biyo baya, wanda ya kai ƙarar minista ya san cewa abin da zai rasa ya fi aiki.

Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, dattawa suna tuna shi da ziyarar ba-zata: shugaban ƙasa ya faɗo ofis da sassafe, ya tarar da kujera babu kowa, kafin yamma mai kujerar ya rasa ta. Da yawa suna ba da labarin da yabo, kuma ba a rasa gaskiya cikin yabon ba, domin ofisoshi sun yi aiki, masu taɓa dukiyar gwamnati sun ji tsoro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin waɗanda guguwar ta kwashe akwai mai laifi akwai wanda ɗansa ne ya kwana da zazzaɓi, kuma tsarin bai tanadi wurin da za a tsaya a bambanta su ba. Sojoji sun maye Kotun Ƙoli da Kotun Ƙasa, ɗakin shari'ar hukuma yana nan a cikinta, sai dai ba kowa ne yake da zuciyar ƙwanƙwasa shi ba.

Mutanen Magarya, waɗanda Babura da Daura suka fi Yamai kusa da su, sun ga irin wannan a ƙetaren iyaka. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin ƴan watanni, wasu a rediyo suka ji. A 1981 Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Shitta-Bey, wani lauyan ma'aikatar shari'a da hukumar ma'aikata ta ƙi mayarwa aiki duk da hukuncin kotu, ta ce ma'aikacin gwamnati ba bara ba ne da ake sallama yadda aka ga dama, ta tilasta a mayar da shi. Amsar sojoji ta zo a 1984, da doka mai lamba 17, wadda ta ba su ikon korar ma'aikaci ta kuma hana kotuna sauraron ƙararsa. Su dai sun rufe ƙofar da kwaɗo a fili. A Nijar ba a taɓa buƙatar kwaɗon ba.

Sai da iskar 1990 ta kaɗa, aka yi taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, sandikoki suka yi ƙarfi, lauyoyi suka yawaita, sannan wannan dama ta fara zama abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi tunaninsa. Dokar ma'aikata ta Disamban 1989, da wadda ta gaje ta ranar 23 ga Yulin 2007, duk sun riƙe tsohon tsani: gargaɗi da tsawatarwa a ƙasa, waɗanda shugaba yake iya yi bayan ya nemi bayani a rubuce, sai manyan matakai, dakatarwa da rage daraja da kora, waɗanda sai an bi ta majalisar ladabtarwa. Ƙarar da ake kaiwa kuwa, wadda Faransanci yake kira recours pour excès de pouvoir, wato ƙarar wuce gona da iri, ba mutum ake tuhuma a cikinta ba. Takardar ce take gurfana. Alƙali yakan yi mata tambaya huɗu, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace su kamar yadda ya haddace lambar albashinsa.

Ta farko: wa ya sa hannu, kuma doka ta ba shi wannan iko? Perefe ba ya korar wanda minista ne kaɗai yake da ikon korarsa, ko da laifin a gabansa aka yi. Ta biyu: an bi hanya? An nuna wa mutumin dosiyensa, an ba shi lokacin shirya amsa, majalisar ladabtarwa ta zauna da adadin da ya kamata? A nan ne hukuma ta fi yawan faɗuwa, domin fushi gaggawa gare shi, kuma shugaban da ya tabbata yana da gaskiya shi ne ya fi raina ƙa'ida. Ta uku: abin da aka ce ya faru, ya faru kuwa, kuma laifi ne a idon doka? Ta huɗu ita ce waccan mai wuya, ko an yi amfani da ikon ne don wata manufa daban, ramuwa ko siyasa. Akwai ta biyar da ta zo a makare, wato ko horon ya yi daidai da girman laifin. A Faransa sai a 1978, a shari'ar wani malamin makaranta mai suna Lebon, alƙali ya yarda ya duba wannan, shi ma sai idan rashin daidaiton ya fito ƙarara. Sai a 2013, a shari'ar Dahan, wani jakada, ya karɓi cikakken ikon aunawa.

Tarkon yana wurin shiga. A dokar Nijar ba a zuwa kotu kai tsaye. Dole mai ƙara ya fara rubuta wa wanda ya hore shi, ko na sama da shi, ya nemi a janye matakin, cikin wa'adi gajere da ake ƙirgawa daga ranar da ya sa hannu ya karɓi takardar. In an ƙi, ko an yi shiru har lokacin da doka take ɗaukar shirun a matsayin ƙi, sai wani wa'adin ya fara gudu. A nan al'ada da doka suke karo. A ɗauka malami ne a wani ƙauyen Guci aka dakatar. Abin da tarbiyyarsa ta koya masa shi ne ya yi haƙuri, ya je wurin kawunsa, kawun ya je wurin sarki, sarki ya yi alkawarin magana da ɗan majalisa idan ya zo hutu. Kowa ya karɓe shi da mutunci, kowa ya ce a bar shi da maganar. Ranar da ya gane babu abin da zai fito, ya nemi lauya, watanni sun shuɗe, kuma alƙali ba zai ko buɗe dosiyen ya ga zaluncin da ke ciki ba: zai ce ƙarar ta makara. Bugu da ƙari, kai ƙara ba ya tsayar da horon, albashi a yanke yake har a gama, shari'ar kuma a rubuce ake yin ta, da Faransancin da ko mai digiri sai ya nemi mai ja masa gora.

Shari'ar da ta fi kowace nuna wa mutanen wannan jiha ƙarfin wannan hanya da rauninta ba ta malami ba ce ko anfarmiye, ta Sarkin Damagaram ce. A Nijar sarakuna suna cikin tsarin mulkin ƙasa, gwamnati tana ba su alawus, kuma dokar sarauta ta 30 ga Maris 1993 ta tanadi horonsu mataki-mataki har zuwa tuɓewa, kamar dai sauran masu yi wa hukuma aiki. A 2001 gwamnatin Mamadou Tandja ta tuɓe Sarki Abubakar Sanda Umaru, wanda yake kan karaga tun 1978, bisa zarge-zarge masu nauyi, aka naɗa Mamadu Mustafa a madadinsa. Da yawa a Damagaram sun ga hannun siyasa a ciki. Abin da ya bambanta shi da Amadu ɗan Basa shi ne, bai tsallaka iyaka ba, bai tara dogarai ba, lauyoyi ya ɗauka. Kotu ta ba shi gaskiya. Amma hukuncin bai buɗe masa ƙofar fada ba. Sai a 2011, bayan juyin mulkin 2010 da zuwan sabuwar gwamnati, aka mayar da shi. Shekara 10 ke nan, ga mutumin da yake da suna da dukiya da magoya baya, wanda gidajen rediyon duniya suke bin labarinsa.

A ƙasar Kabi an ga ɗaya fuskar. Sarkin Gwandu Mustafa Jokolo, wanda gwamnan jiha ya tuɓe a 2005, ya yi nasara a babbar kotu a 2014, ya sake yi a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, sannan a 2025 Kotun Ƙolin Nijeriya ta rushe duka, a kan cewa bai fara kai kukansa ga gwamna ba kafin ya tafi kotu. Shekara 20 na shari'a suka tafi a kan matakin nan na farko, irin wanda malamin Guci ya yi sakaci da shi.

A ƙa'ida, sokewa tana komawa baya ne ta share komai. Tun 1925, a shari'ar Rodière, Konsai Deta ta Faransa ta ce dole hukuma ta sake gina tarihin aikin mutum kamar ba a taɓa taɓa shi ba, da ƙarin girman da ya kamata ya samu a tsakani. Amma alƙali ba shi da jandarman da zai aika ofishin minista, kuma sa hannun da zai mayar da ma'aikaci aiki na hukumar da ta kore shi ne. Tana iya jan ƙafa, tana iya gyara kuskuren hanya ta sake yin horon daidai da ƙa'ida, wanda doka ba ta hana ba idan a kan hanya kaɗai aka soke shi. Ƴan Nijar sun ga iyakar abin a 2009, lokacin da kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da shirin tazarce, shugaban ƙasa ya rushe kotun.

Akwai kuma waɗanda duk wannan tarihi ya bi ta gefensu ya wuce. Daga 1998, da matsin tattalin arziki da sharuɗɗan masu ba da bashi, Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantiragi, har suka fi malamai masu lamba yawa nesa ba kusa ba. A ƙauyukan Magarya da Dungas, inda yara suke da yawa kuma azuzuwan zana ba su ƙare ba, su ne suke riƙe da alli. Ba albashin ma'aikaci suke ɗauka ba, ɗan abin da ake kira pekil ne, kuma kariyar da aka gina tun 1905 an gina ta ne domin mai lamba. A Yulin 2017 ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta yi musu jarrabawar tantancewa. Sandikoki suka yi kiran a ƙaurace, daga baya aka soke kwantiragin dubbai, waɗanda suka faɗi da waɗanda suka ƙi zama. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, domin an tarar da masu koyarwa da ba su iya abin da suke koyarwa ba, kuma yaran talakawa ne suke biyan wannan. Amma wanda ya ƙi zama saboda bin umarnin sandikarsa, rashin iyawa aka kama shi da shi ko rashin biyayya? In na biyun ne, horo ne, kuma horo yana da hanyarsa. Ga mai kwantiragi, takarda ɗaya ta wadatar.

Kotun ita kanta ta sha canza suna. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010 ya raba tsohuwar Kotun Ƙoli, ya ba Nijar Konsai Deta tata, wadda dokar 2013 ta tsara aikinta, aka ce ita ce mai sauraron ƙarar wuce gona da iri daga farko har ƙarshe, babu ɗaukakawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojoji suka rushe ta, suka mai da aikinta cikin wata sabuwar Kotun Ƙasa, sunan da aka sani tun zamanin Kountché. A ɗaya gefen kuma hukuma tana ta matsowa kusa da jama'a: a 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai perefenta, da Guci da Malawa da Dogo-Dogo a ƙarƙashinta, ofisoshin da suke rubuta rahoto a kan ma'aikaci suka zo bakin ƙofarsa. Magarya tana da kotunta, Zinder tana da kotun ɗaukaka ƙara, amma duk sunayen nan da aka jera, daga 1961 zuwa 2023, a Yamai suka zauna. Daga Magarya zuwa Zinder kusan kilomita 90 ne, daga Zinder zuwa Yamai kusan 900, kuma wanda zai yi tafiyar shi ne wanda aka yanke wa albashi.